Daƙiƙa Talatin Sun Raba Babana da Amininsa

Hajiya Aina'u, don Allah ki agaza mini da shawara, abin alheri na yi ya juye mini.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Kunci. Mahaifina makaɗin gangar noma ne, kuma ba don shi ya haife ni ba, wallahi a yankinmu babu na biyunsa. In ya saɓa ganga ranar gayya, tsoho ma mantawa yake da ciwon baya. Bara na bi shi gonaki da wayata, na naɗi waƙoƙinsa goma sha ɗaya. Da kaina na koyi matse sauti ya zama ɗan mitsitsi, don mu sai an hau tudu ake samun sabis, mutanenmu kuma ba su da datar ɓarnatarwa. Na yanko daƙiƙa talatin daga kowace waƙa na ɗora a wani shafi da na buɗe a intanet, ɗanɗano kawai. Hajiya, har daga Sudan an saurara! Ranar da na nuna wa Baba mutum dubu tara sun ji gangarsa, babbar riga ya sa ya zaga gari, ba biki ba suna.

To ga inda na kwafsa. A kiɗan noma, makaɗi kan fara tsokanar manomi da zambo, sai ya ga ya zabura ya duƙufa kan garma, sannan ya juya ya wasa shi. Waƙar da ta fi daɗi ta Baba Sha'aban ce, aminin mahaifina tun suna kiwon awaki. Ni kuwa inda ganga ta fi zaƙi na yanko, ashe zambon ne zalla: raggo, mai barci a gindin kuka, wanda ciyawar gonarsa ta fi geronsa tsawo. Daidai inda kirari zai fara, sautin ya yanke. Abin haushi, a asalin naɗin ana jin Baba Sha'aban yana ƙyalƙyala dariya daga nesa, amma matsewar ta cinye dariyar, sai wani shuu kawai.

Yanzu har masu cajin waya a kasuwa kunna ta suke. Mutumin da ke cika rumbu uku, shi ake nunawa ana cewa raggo! Ya daina zama da Baba bayan la'asar, ya ce shi da gayyar da Baba zai yi wa kiɗa har abada. Baba kuwa ya rataye ganga. Yayana ya ce in goge shafin gaba ɗaya. Gaskiya ba na so, na sha wahalarsa, kuma ina alfahari da shi. Yaya zan yi?

'Yar Makaɗi, Kunci

'Yata, kada ki goge komai. Kin kai gangar mahaifinki inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, ni ma ina taya ki alfahari.

Amma Baba Sha'aban yana da gaskiya. Zambon gona wasa ne na waɗanda suka san juna, kowa ya san yabo na tafe. Wanda ya ji a waya bai san haka ba, rabin magana kika ba shi. Kuma laifin naki ne, ba na mahaifinki ba, don haka ke za ki fara takawa.

Yau ɗin nan ki sauke wannan guntun. Ki je gidansa ki durƙusa, ki ce ke kika yanka, mahaifinki bai ma san ana yanka waƙa ba. Sannan ki aro lasifika, ki nemi izininsa a kunna asalin naɗin a majalisarsu, daga farko har ƙarshe, kowa ya ji kirarin, ya ji dariyarsa. Ki ɗora cikakkiyar waƙar a shafin ko da za ta ci data, ki kai wa masu cajin wayar nan ita. Ɗanɗanon kuwa, ki miƙa masa wayar, shi zai zaɓi daƙiƙa talatin ɗin da duniya za ta san shi da su.

Kada ki bari damina ta faɗi ba ki je ba. Allah ya daidaita tsakanin dattawan nan, ya yi miki albarka.