Yakuwar Inna a Talbijin

Zuwa ga Yaya Zalika,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, da fatan ƙafarta ta yi sauƙi. Yaya mutanen Daddara?

Ni lafiya lau nake a Aljeriya. Aikin ne dai ba hutu, amma an saba.

Kin tuna irin yakuwar da Inna ta ƙulle mini a tsumma ranar da kuka rako ni bodar Jibiya? Na shuka shi a gefen lambun maigidan da nake wa aiki don in riƙa samun miya. Da aka zo gasar lambuna, alƙalai suka wuce furannin maigidan masu tsada, suka tsaya kan yakuwar nan, wai jan jikinta ya ƙawata wurin. Lambunmu ya zo na ɗaya. Tun ranar maigidan ya hana a tsinki ko ganye guda. Ban ruwa kawai nake yi mata.

An nuna lambun a talbijin, zan turo miki ta waya. Ba su ɗauki fuskata ba. Ki nuna wa Inna hannun da ke riƙe da tiyo, mai tabon lauje a babban yatsa. Za ta gane shi.

Ku sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Sadisu