Ruwan da Ka Ce Yana Dawowa

Zuwa ga ƙanena Sulemana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da kai Mma ta rasu ran Juma'a, a ɗakinta na unguwar Zogbeli. Kuma akwai laifin da na yi maka.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai? Kai da ko a dam ba ka iya iyo ba, sai ga ka ma'aikacin jirgin masu binciken teku. Muka yi ta dariya da ka ce aikinka jawo ruwa daga can ƙasa a auna shekarunsa. Na ce, a Tamale mu da ganin ruwa sai sha, wa ya taɓa tambayarsa ranar haihuwa?

Ba ka yi fushi ba. Ka ce akwai wani sinadari da Allah Ya sa a iska, ruwan sama-sama yana ɗaukarsa. In ruwan ya nutse sai sinadarin ya riƙa raguwa da kansa, kamar ƙanshin turare a zanen da aka adana. Abin da ya saura shi ke nuna daɗewarsa. Ka ce ruwan ƙasa tafiya yake a hankali, kuma wata rana yana dawowa sama.

Nan Mma ta tashi duba tukunya. Ni kaɗai na ji sauran: sai bayan ɗaruruwan shekaru.

Da takarda ta zo daga Takoradi cewa igiya ta fizge ka cikin teku ba a same ka ba, Mma ta hana zaman makoki. Ta ce, "Yarona da bakinshi ya ce abin da ya tafi ƙasa yana dawowa. Kowa ya kawo gaisuwa ya koma da abinshi." Liman ya yi, ya gaji.

Shekara tara ke nan, Sule. Ba sadakar uku, ba ta arba'in. Ina da maganar da za ta sa ta haƙura, amma na kasa faɗa mata, don sa ran dawowarka ke tashe ta kowace safiya. Na zaɓi uwarmu na bar ka, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Jiya aka yi addu'arta. Na soya masa faranti biyu, na sa liman ya ambaci sunanka bayan nata.

Allah Ya jiƙan ku, Ya haskaka makwancinka a inda ba mu iya zuwa. Ka yafe mini jinkirin.

Yayarka,
Azumi