Baitin Iliya Ya Tafi Tare Da Ke

Zuwa ga Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, daga ƙanwarki Hannatu da kika bari a Kalgo. Na san inda kike ba a kai saƙo, amma bakina ya gaji da shiru.

Sabon fastonmu ne ya tayar mini da hankali. Wai tunda ni ce tsohuwar da ta rage, in tashi ranar godiyar kaka in ba da tarihin majami'armu. Na ce masa tarihin ai waƙa ce. Ya yi murna, ya ce to in rera. Yaya, na buɗe baki, amshi kaɗai ya fito.

Kin tuna farkonmu, shekarun Shagari? A zauren gidanki muke sujada, malaman asibiti da na makaranta da aiki ya jefo nan, sai mu matansu. Kowa zaman jiran taransifa yake. Ke ce kika ce ko baƙo yana bukatar rufi a kansa, muka fara kwaɓa lakar ginin majami'a.

Duk wanda ya sa hannu a ginin kin sa shi a waƙa. Kina buga tulu kina jero su, mu muna amsawa, "Ya gani, Ubangiji ya gani." Har Malam Dikko maƙwabcinmu, Musulmi, da ya ba mu aron jakunansa ya ce, "Ku tahi da su, ƙasa ai ta Allah ta," shi ma ya samu baitinsa. Da labari ya kai masa, dariya ya yi har da riƙe ciki.

Shekarar da amai da gudawa ya shiga ƙauyuka, kika kwashe mu 'yan zumuntar mata a bayan akori-kura zuwa Gwandu, daga can Dodoru. Ba mu yi wa kowa wa'azi ba. Kunu muka dama, muka wanke zannuwan majinyata. A hanyar dawowa ma sai da kika ƙara baiti, muryarki duk ta dishe.

Na sha cewa ki koya mini. Sai ki harare ni ki ce, "Ke dai riƙe amshi, sauran nawa ne." Wallahi kin iya mulki, Yaya. Ni kuma na miƙe ƙafa, kamar za ki dawwama.

Da aka raba jiha, aka mayar da maigidanki Sakkwato, kika bar mini tulun kika ce za ki riƙa zuwa. Masu zama a bencin majami'a suka yi ta raguwa. Labarin rasuwarki ma a bakin wani direba na ji shi, bayan an daɗe da binne ki.

Sunayen magina zan iya lalubowa in faɗa da baki. Abin da ke cin raina baitin Iliya ne, ɗana da ya rasu yana goye ana tsakiyar aza kwano. Shi ne na farko da muka binne a bayan majami'a. Kin yi masa baiti, amma duk sa'ad da kika kawo kansa sai in cusa fuska cikin gyale in yi ta kuka. Ban taɓa jin abin da kika ce a kansa ba, ko kalma ɗaya. Na bi matan da suka rage da tambaya a Zuru da Yawuri, kowacce amshi kawai ta riƙe. Babansa ya rasu. Yau in ba ni ba, babu mai kiran sunan yaron nan a duniya, kuma ina jin kaɗaici ƙwarai.

Ran Lahadi zan tashi da tulunki. Zan faɗi Malam Dikko da Dodoru da sauran. In na zo wurin Iliya zan yi shiru, in yi ta buga tulu daidai tsawon baitin. In kina kusa da shi, ki rera masa a can. Ni zan amsa daga nan.

Ubangiji ya ba ki hutu, ya riƙe mini yarona a gefenki, ya sada mu.

Taki mai amshi,
Hannatu