Wankan da Na Yi wa Hauwa'u Kafin Gwaji

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Gwaje-gwaje na asibitin da muke zuwa daga Adabka,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali. Ni uwa ce, matar manomi, kuma zancen ɗiyata Hauwa'u, 'yar shekara huɗu, ya sa na rubuto.

Na ɗaya. Damina da ta wuce ƙaiƙayi ya kama ta, tana susa har jini. Mu nan ba a kai yaro gaban likita da dauɗa, abin kunya ne. Don haka na dirje ta da soso da sabulun salo, na shafe ta da man kaɗe, muka hau babur. Ba wanda ya taɓa gaya mini wannan dirza tana ɓata gwaji.

Na biyu. Ma'aikacinku ya kankare bayan hannunta, inda ya fi sumul. Bai buɗe tsakanin yatsunta ba, bai duba ƙugunta ba. Takarda ta fito wai ba a ga komai ba.

Na uku. Ka san yadda muke karanta wannan magana? Tunda madubin asibiti bai gani ba, to ba ciwon asibiti ba ne. Inna ta ce iska ce. Muka koma turare da jiƙo. Gyambunan suka yi ruwa, fuskarta ta kumbura, fitsarinta ya koma kamar shayi. Kafin a girbe gero mun rufe ta.

Bayan nan ƙanenta ya fara susa. Wata ma'aikaciya, baƙuwa daga kudu, ta ɗiga man gwaji tsakanin yatsunsa, ta kankara, ta kira ni na leƙa madubin. Wallahi na gan shi yana motsi, ƙwaron ƙazuwa! Maganin shafawa kawai ta ba mu, gidan duka, muka warke. Har yau in kaza ta yi tono bayan ɗaki, sai in ji kamar farcen Hauwa'u ne, in juya.

Ban ja da ƙaddara ba. Roƙona biyu ne: ku gaya wa iyaye kada su dirje yaro ranar gwaji, kuma in ba ku gani ba, ku ce a dawo, kada ku sallame mu da takardar cewa ba komai.

Allah shi yi maka jagora, shi raya maka zuri'a, shi sa su za su rufe ka, ba kai za ka rufe su ba.

Wassalam.
Mahaifiyar Hauwa'u, Adabka