Dabinon da ke bayan akurki

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da juriyar zaman nesa, ya jiƙan Baba. Mu ma muna nan. Inna tana cin abinci kaɗan kaɗan, Auta ya koma makaranta, ni kuma mun fara jarrabawa. Ina shiga in rubuta abin da na sani in fito, ban san ko na ci ba, kuma ban damu ba sosai. Na rubuto ne don idan ka kira waya Inna tana kusa, ba na iya magana.

Kafin Baba ya kwanta, wata malama daga cibiyar binciken noma ta zo lambunmu, ta ce suna bin lambuna don gano dabinon da suke iri ɗaya da waɗanda suka bambanta. Ta yanki sabon ganye daga bishiyoyinmu tara, har da babbar nan da Baba ya fi so, wadda ta ruɓe ta faɗi da damina. Ni na rubuta lambobi a kan ledojin da ta saka ganyen, don Baba ya ce rubutunsa ko kaza ba za ta yarda nata ne ba. Ta zuba su cikin ƙanƙara ta tafi.

Ranar Talata ta dawo, ba ta ma san an yi rasuwa ba. Ta yi wa Inna gaisuwa, sannan ta nuna mini wani hoto a bakin ƙofa. Ta ce suna niƙa ganyen, su tace wani sinadari da ke ciki mai suna furotin, su sa masa lantarki, sai ya rabu layi-layi kamar matakan tsani. Tsiron da aka cire daga gindin uwa, layukansa daidai suke da nata. Wanda ya fito daga ƙwallo kuwa, nasa daban.

Yaya, ka san ƙananan biyun da Baba ya dasa a mako ɗaya, ɗaya tsiron babbar, ɗaya wanda maƙwabci ya ba shi. Duk mun ɗauka na bakin rijiya shi ne ɗan babbar. Ba shi ba ne. Na bayan akurkin kaji, wanda akuya ta cinye rabin ganyensa, shi ne ya yi daidai da ita. Na tambayi malamar ko ni na rikita lambobin, ta ce ta maimaita gwajin, amma idan ina so ta sake yankar ganye. Na ce to. Na kalli hoton na daɗe, ban ji komai ba. Na naɗe shi na sa cikin littafin lissafi.

Kullum da safe Inna tana ba na bakin rijiya bokiti biyu, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Nan kaɗai take zama ba ta kuka. Ta ce wa Gwaggo wannan ne abin da Baba ya bar mata. Ga shi Kawu ya ce ƙarshen wata zai faɗaɗa akurkin, zai tumɓuke na bayan, wai ba shi da amfani. Sau biyu na tsaya gabansa, na gaishe shi kawai na wuce.

Abin da nake roƙo, ka kira Kawu ka ce ya bar shi, ko ba ka faɗi dalili ba. Kai zai ji maganarka. Maganar Inna kuma ka yanke, idan ka ce in faɗa mata zan faɗa, idan ka ce in yi shiru zan yi. Kafin nan na kewaye na bayan akurkin da tsohuwar wayar shinge saboda akuya, kuma ina kai masa ruwan wanke-wanke, don shi ba wanda ke tambayar inda na zubar.

Ka gaida Anti da yara, ka shafa mini kan jaririya. Inna da Gwaggo da Auta suna gaishe ku. Don Allah kada ka bari wata ya ƙare.

Ƙanwarka.