Baba, Hannuna Ya Taɓa Doki

Assalamu alaikum Baba,

Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Amma tun da aka kai ka makwancinka ban sami wanda zan faɗa wa irin wannan magana ba.

Gida lafiya. Gwiwar Mma ta yi sauƙi, har tana shiga motar trotro zuwa kasuwar Race Course da kanta. Yaya Awudu ya riƙe cinikin shanunka, sai dai ya fi ka surutu, idonsa kuma bai kai naka ba.

Akwai abin da na ɓoye maka. Duk Asabar ɗin da nake cewa na tafi lesin a Dichemso, ces nake koyo, darar nan ta Turawa mai doki da sarauniya. Yanzu haka ina wurin gasar da aka buɗe wa kowa a nan Kumasi, saura wasa ɗaya bayan la'asar. In na ci, ni ce ta ɗaya a cikin mata, za a kai ni Accra.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Kai ka saba mana da cewa ba a yanke magana a kan saniya sai an shafa ta, an latsa bayanta. To a nan doka ce, abin da ka taɓa shi za ka motsa. Da safe ina karawa da wani dattijo daga Suame, hannuna ya je ya dafa doki kamar mai tayi a kasuwa. Sai na ga in na ɗaga shi, sarauniyata ta tafi. Dattijon kuwa ya sunkuya yana goge tabarau, bai gani ba. Na janye hannu, na tura soja. Na ci shi, Baba. Har ya sa mini albarka.

Wallahi tsoro nake ji. In na faɗa wa alƙalin wasa, me zai yi? Ya ƙwace cin? Ya kore ni a gaban mutane? In kuma na yi shiru, da wane hannun zan karɓi kofin? Kai da ka taɓa bin mai saye har tashar mota don ka gaya masa saniyar tana ɗingishi, me za ka ce da ni?

Ga dattijon can a bakin ƙofa yana neman takalminsa, zai fita cin abinci. Alƙali ya jira tukuna. Dattijon zan fara tarewa in gaya masa abin da na yi.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

'Yarka mai ƙaiƙayin hannu,
Rakiya