Rawanin da na ɗaure maka

Maigidana, gawon da ke ba ni inuwa da rani, ruwan randata mai sanyi,

Yau kwana arba'in da ɗaya da binne ka. Jiya jiri ya kwashe ni, ƙanenka Alkasim ya kai ni Magariya a moto aka auna min tansiyo, wato awon hawan jini. Sai na ba likita labarinka, yadda ka faɗo daga saman rumbu kana jera damman gero, ba santsi, ba tuntuɓe. Ta tambaya ko akwai abin da ya matse maka wuya. Na ce rawani.

Ta ce a gefen wuya akwai wani ɗan wuri mai jin ƙarfin jini, yana kai wa ƙwaƙwalwa labari. In jini ya hau, ƙwaƙwalwa ta ce wa zuciya ta sassauta. In ya sauka, ta ce ta ƙara gudu. Wai wasu mutane in an matse wurin sai ya kai labarin ƙarya, zuciya ta lafa, ido ya rufe. Ta ce ba ta da tabbas, amma yana yiwuwa.

Wayyo, hasken idona! Ka tuna in ka dawo daga gona ina yi maka tausa a wuya, sai ka lumshe ido ka ce duhu kake gani, wai na kwantar maka da zuciya? Mu yi ta dariya. Shekara goma sha tara ina alfahari da wannan a raina, na ɗauka so ne. Ashe gargaɗi jikinka yake yi mana?

Kuma ranar da ka faɗo ni na ɗaure maka rawanin. Na ja shi tam a ƙarƙashin haɓa don kada ƙaiƙayi ya shiga maka riga. Har ka ce na cika ƙarfi, na ce ka daina raki.

Na san kwana ne ya ƙare, Alkasim ma haka yake ta faɗa min. Amma ta hannuna, maigida? Ka yafe min. Wa zan roƙa in ba kai ba?

Rawanin yana ƙarƙashin matashina, ban wanke shi ba. Ɗazu na ɗora yatsa biyu a wuyana a hankali, na ji zuciyata tana bugawa ba ta tambaye ni ba. Muddin tana yi, taka ce.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya haɗa mu.

Matarka har gaban Ubangiji,
Hamsatu, daga Kwaya